Mutuwar Zulmira ta Ranar Lahadi

A duk faɗin birnin Recife na ƙasar Brazil babu uban da ya sha ganin mutuwar 'yarsa kamar Seu Anacleto mai aski. Ya ga ta shanye gubar da aka haɗa wa wata. Ya ga ta tare harsashi da ƙirjinta a gonar rake. Akwai fim ɗin da tari ya ɗauke ta, shi ne ma ya fi ci masa rai, don ta haka uwarta ta tafi, kuma yarinyar ta iya dafe ƙirji sak irin na marigayiyar. Duk a jikin farin ƙyallen gidan silima aka yi mace-macen nan, mai fiyano yana ta kaɗe-kaɗensa daga ƙasa, ita kuwa mamaciyar tana zaune kusa da ubanta tana ɓarar gyaɗa.

Ya san wasa ne, ai shi ba yaro ba ne. Amma da zarar ta fara lumshe ido a allo, sai hannunsa ya tafi da kansa ya kama wuyan hannunta yana laluben jijiya.

"Baba, sake ni, mutane na kallo."

"Wa ya riƙe ki? Gyaɗa nake nema."

Zulmira, 'yar tasa, ba ita ce tauraruwa ba. Tauraruwa ita ce Dona Eulália mai manyan idanu, wadda ake aura a ƙarshen kowane labari. Zulmira ita ce ƙawa, ko 'yar aiki, ko ƙanwa marar lafiya, wadda za ta mutu don Dona Eulália ta samu abin yi wa kuka. Ranakun aiki tana ɗinkin hula a wani shago. Ran Lahadi, da yake duk 'yan fim ɗin kowa yana da sana'arsa, sai su taru su ɗauki abin da rana ta bari a ɗauka.

A shagon aski kuwa ba a bar Anacleto ya huta ba. Belarmino, tsohon abokinsa da ke wuni a benci ko ba aski zai yi ba, shi ne kan gaba.

"Anacleto, ya ƙarin haƙuri? Yaushe ne addu'ar bakwai, ko sai mamaciyar ta taso daga aiki?"

Sai a kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora.

Wata Talata Seu Gervásio ya shigo aski. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, kuma shi ke tsara labaran fina-finan yana ba da umarni. Anacleto ya ɗaura masa tawul, ya shafe masa fuska da kumfa, ya wasa aska, sannan ya tambaya kamar mai tambayar farashin kifi:

"Wannan karon me zai ci ta?"

"Zazzaɓi," in ji Gervásio daga cikin kumfa. "Amma zazzaɓi mai kyau, Seu Anacleto. Za ta miƙa hannu haka, sannan ta..."

"Kada ka motsa."

Anacleto ya daɗe yana shirya maganar nan a gaban madubi, sai kuwa ya saki baki. Ya kawo zancen marigayiya matarsa. Ya kawo zancen tsohuwar da ta ga Zulmira a kasuwa ta yar da kwandonta ta ruga coci. Ya ce mutuwa ba abokiyar wasa ba ce, in ka yi ta kiranta kowane mako, wata rana za ta ɗauka da gaske ake. Duk wannan bayani askar tana kwance a maƙogwaron Gervásio, hannun kuma yana rawa, yadda yakan yi duk sa'ad da aka ambaci Zulmira. Shi bai lura ba. Gervásio ya lura.

"Na yarda," ya ce a hankali, ko leɓe bai motsa sosai ba.

"Tsaya, ban gama ba. Ka ga, uba..."

"Na ce na yarda. Za ta rayu. Har jikoki za ta gani in kana so. Ɗaga hannunka."

Ya fita da kumatu ɗaya askakke, ɗaya da gashinsa. Anacleto ya juya ya dubi benci yana goge aska.

"Ka ga amfanin iya magana ko?"

Belarmino ya dubi askar, ya dubi abokinsa, ya ce shi nasa askin ya ɗaga sai wani makon.

Washegari Anacleto ya sayi ƙaton kifi ya kai wa Filomena, yayarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ya ce a dafa da ruwan kwakwa. Bai faɗi dalili ba, sai waƙe-waƙe yake a tsakar gida. Da yamma Zulmira ta shigo ta yi jifa da hularta kan tebur.

"An ba Carminha, 'yar fim ɗinmu, mutuwata."

"Ayya," in ji Anacleto, yana duban rufin ɗaki. "Ke kuma fa?"

"Ni? Zan buɗe ƙofa, in shigo da kofi, in fita."

"Da ranki?"

"Da raina, Baba."

Ya yi ƙoƙarin danne murmushin, amma gashin bakinsa ya tona masa asiri. Ta tsaya tana dubansa har murmushin ya gudu.

"Kai ne. Shi ya sa Seu Gervásio yake magana da ni daga nesa, yana dafe da wuya." Ta ja kujera ta zauna. "Baba, ka san inda kyamara take tsayawa a fuskata? A gadon mutuwa kaɗai. Ko'ina kuma bayan kafaɗar Dona Eulália nake, riƙe da mayafinta. Ba ni ake aura ba, ba ni ake sacewa ba. Mutuwar nan ita ce abin da nake da shi, kuma duk garin nan babu wadda ta iya ta kamar ni. Ƙuda ya sha sauka a idona ban ƙifta ba. Yanzu ka je ka ɗauka ka ba Carminha, mai dariya in an taɓa ƙafarta."

"'Yata, ni don lafiyarki..."

Ta tashi ta shige ɗaki. Kifin shi da Filomena suka ci, kuma ƙaya ce kawai ya ji a bakinsa.

Daga ranar Zulmira ta ɗauke masa wuta. Ba ta yi rashin kunya ba, tana wanke masa tawul, tana zuba masa kofi, amma ko sukari take so sai ta ce, "Gwaggo, miƙo mini," alhali kwanon yana gabansa. Anacleto, wanda tun tana jaririya yake tashi ya saurari numfashinta, ya gane cewa ashe shirun mai rai ya fi na gawar silima nauyi.

"Kai dai tun kana yaro haka kake," in ji Filomena tana feraye rogo. "Ka tuna ɗan tsakon da ka rufe a akwati don kada shaho ya ɗauka?"

"Ai shaho bai ɗauka ba."

"Bai ɗauka ba kam. Mu muka binne shi."

Ya jira Gervásio ya dawo a ƙarasa askin, su yi magana. Gervásio bai dawo ba. Har aka ce an gan shi a wani shagon can ƙetaren gada.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Anacleto ya gyara kwat ɗinsa ya nufi gidan da ke bakin kogi inda ake ɗaukar fim. A bayan gida aka kafa ɗakin majinyaciyar, bango uku na katako babu rufi, don rana ce fitilarsu. Kowa ya shafe fuska da hoda ruwan ɗorawa, wai haka fata take fita da kyau a fim. Carminha tana kwance a gado tana danne dariya. Zulmira tana tsaye a gefe da faranti a hannu, ta gan shi ta kawar da kai.

Da Gervásio ya hango shi sai ya koma bayan mai juya kyamara.

"Ina askar?"

"Tana shago." Anacleto ya zazzage aljihunsa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya shirya magana mai tsari a hanya, amma duk ta zube, abin da ya fito kawai shi ne, "Seu Gervásio, don Allah ka kashe mini 'yata."

Wata mata da ke shanya a maƙwabta ta saki zanen da ke hannunta, ta yi alamar gicciye.

"Ranar Talata ka ce a raya ta."

"Ranar Talata wawa ne ni."

"Yau fa?"

"Yau ma, amma na wani fannin."

Gervásio ya ce ba zai yiwu ba. An riga an yi wa Carminha alkawari, ga ta a gado, ga uwarta can ta sa rigar coci ta zo kallo. Ya ce a ba shi wuri, rana tana tafiya.

Anacleto ya ja ƙafa ya zauna a kan wani akwati kusa da uwar Carminha, wata mai jiki da ake kira Dona Perpétua, tana ta fifita cikin jin daɗi. Ba da wata manufa ya zauna ba, wurin ne kawai ke da inuwa.

"'Yarki ce?" ya tambaya. "Allah ya ba ki juriya. Ta farkon ce mai wuya."

"Wace juriya? Ai wasa ne."

"Haka nake cewa ni ma. Sai kin zauna a duhu kin ga an ja mata mayafi an rufe fuska. Za ki san tana kusa da ke, amma cikinki ba zai sani ba. Tana tari da safe?"

"Wani lokaci..."

"Tawa ma haka ta fara. Kin ga gadon nan? Aro ne, ban san wanda ya mutu a kansa na gaske ba, na tambaya an ƙi gaya mini. Ga rana a tsakiyar ka, ga hodar nan, wa ya san abin da ake zubawa a ciki? Manema kuwa kada ki sa rai. Wani saurayi ya taɓa zuwa wurin tawa, uwarsa ta ce ba za ta haɗa zuri'a da wadda aka sa a akwati gaban jama'a ba."

Ya ci gaba, don tunda yake bai taɓa samun mai sauraronsa haka ba. Mafifici ya tsaya a hannun Dona Perpétua. Daidai lokacin da Gervásio ya ɗaga hannu zai ce a fara, sai ta miƙe ta ratsa ɗakin da ba shi da rufi, ta yaye bargo, ta finciko 'yarta.

"Tashi mu tafi! Ba a gadon matattu na haife ki ba."

"Mama, sun fara ɗauka!"

"Su ɗauki uwarsu!"

Ƙofar gida ta rufe. Gervásio ya juyo a hankali ya dubi Anacleto.

"Me ka ce mata?"

"Ni? Hira kawai muka yi."

Gervásio ya dubi sama. Rana ta fara karkata bayan bishiyar mangwaro, inuwa ta ci rabin gadon. Kafin ya buɗe baki Zulmira ta ajiye faranti, ta kwance gashinta, ta haye gado ta ja bargo.

"Fuskarta ta shiga inuwa," in ji mai kyamara. "Sai an jefo haske."

Aka ciro babban madubi daga falo. Gervásio ya duba ko'ina, kowa yana da abin yi, sai mutum ɗaya.

"Kai, mai aski. Ka dai iya riƙe madubi ko? Tsaya nan, ka tare rana ka jefa a fuskarta. In hannunka ya yi rawa, fim ɗin ya lalace, kuma ba mu da wani."

Anacleto ya rungumi madubin. Mai kyamara ya fara juya hannu, Gervásio yana ihu, "Eulália, durƙusa! Zulmira, numfashi sama-sama! Nemi hannunta, ki rasa!" Ga fuskar 'yarsa a cikin hasken da shi da kansa yake riƙe da shi, idanu suna shigewa, leɓe yana bushewa. Madubin ya karkata, hasken ya zame.

Zulmira ta juyo da kai a kan matashi, ta miƙa hannu sama kamar mai ganin mala'iku, ta buɗe baki da ƙyar. Daga baya, a gidan silima, da yake fim ɗin ba ya magana, rubutun da aka sa a allo a wurin nan cewa ya yi tana ban kwana da duniya. Abin da ta faɗa a tsakar gidan kuwa shi ne:

"Baba, ɗaga madubin, kunnena kake haskawa."

Ya ɗaga. Ya ƙanƙame shi har yatsunsa suka yi fari, hawaye yana bin gashin bakinsa, ba hannun sharewa.

"Haka?" ya ce.

"Haka. Kada ka motsa."

Bai motsa ba har ta gama mutuwa.