Gangar Da Ba a Ɗumama Ba

Shekara ashirin da biyu Baba Lado ya yi yana kaɗa ganga a majami'ar Hausa da ke bayan layin dogo a Agege. Da gangar ya sauko daga jirgin ƙasa, shi da matarsa Rahmatu. Rahmatu ta rasu, 'ya'ya suka watse, aka bar shi da ɗaki ɗaya da aikin gadi a wani sito, sai kuma ranar Lahadi.

Iskar Ikko ba ta ƙaunar fata. Danshi yakan shiga gangar ta saki, in ka buga ka ji kamar an mari jiƙaƙƙen buhu. Don haka kowace Lahadi da sassafe yakan biya wurin Misbahu mai shayi, ya kara ta kusa da garwashi, yana juyawa yana ƙwanƙwasawa da yatsa har muryarta ta tashi.

Shekara ta biyu da komawar soja bariki, Dogara shugaban mawaƙa ya kawo gangar lantarki daga kasuwar Alaba. Wasu baƙaƙen faya-fayan roba ne a kan ƙarfe, da wayoyi zuwa lasifika. Ba ruwanta da damina. Dattawan ikilisiya suka ce za a gwada ta Lahadi huɗu, sannan su yanke wadda za a riƙe.

Fasto ya kira Baba Lado gefe. "Baba, ka riƙa zuwa da taka. In wuta ta ɗauke, kai ne madogararmu."

Da Baba Lado ya ba Misbahu labari, Misbahu ya yi dariya har ya zubar da madara.

"Wato sun mai da kai safaya, Baba. Sai taya ta fashe a tuna da kai."

"Kai dai zuba shayinka. Me ka sani game da sujada?"

"Na san garwashina ke yi muku rabin waƙar, kuma ban taɓa jin Fasto ya sa mini albarka ba."

Lahadi ta farko ya ɗumama ganga ya zauna kusa da mawaƙa, gangar a cinyarsa. Wuta ba ta ɗauke ba. Matasa suka yi rawa har ƙasa. Ta biyu ma haka. Ta uku aka matsar da kujerarsa bayan lasifika don a sami wurin wayoyi, ba wanda ya tambaye shi. Bayan an tashi, mutanen da ya kaɗa wa ganga ranar aurensu suka wuce shi suna yabon sabon kiɗa. Ba mugunta suka yi niyya ba. Mantuwa ce, kuma mantuwa ta fi mugunta yawa a cikin masu ibada.

Lahadi ta huɗu aka tashi da ruwa. Baba Lado ya rufe gangar da leda, ya bi gefen kwata, ya wuce teburin shayi bai tsaya ba.

"Baba, wutar ga ta nan," in ji Misbahu.

"Bari kawai. Wa zai ji ta?"

Ana tsakiyar waƙar baiko, mata sun jeru suna takawa zuwa gaba don ba da sadakarsu, wuta ta ɗauke. Dogara ya ci gaba da dukan roba, ba abin da ke fita sai ƙas-ƙas. Janareta kuwa ruwa ya jiƙa shi. Dukan majami'a ta juyo. Fasto ya ɗaga wa Baba Lado hannu.

Baba Lado ya miƙe, ya rataya gangar, ya buga. Fatar ta amsa da ƙyar, wani sauti maras rai da bai wuce benci na biyu ba. Ya ƙara ƙarfi, abin ya ƙara muni. Wani a baya ya yi dariya, matarsa ta zungure shi.

Sai Mama Baiwa, shugabar zumuntar mata, ta ɗaga waƙar daga inda ta faɗi, mata suka kama tafi. Da tafin aka gama baiko, aka yi addu'a, aka tashi. Ba a rasa komai ba, kuma wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Dattawa ba su daɗe a zamansu ba. Suka ce kowa ya ji da kunnensa, gangar fata ta tsufa. Za a riƙe ta lantarki, a gyara janareta. Baba Lado bai gaya musu cewa gangar lafiyarta ƙalau ba. Laifinsa ne, ya kuma sani. An ba shi aikin jira, ya raina shi, ranar da aka neme shi bai shirya ba. Su ma da nasu: a cikin mutum ɗari biyu ba wanda ya taka zuwa ɗakinsa a wannan makon.

Da Lahadi ta zagayo ya iso wurin Misbahu tun kafin ruwan shayi ya tafasa. Misbahu bai yi masa tsiya ba, ya dai tura masa garwashi da ƙafa. Baba Lado ya juya gangar a hankali har ta yi ƙara yadda take yi a dā.

"Yau kam ta yi magana," in ji Misbahu. "Sun ce ka zo da ita?"

"Ba su ce ba."

Ya shiga majami'a ya zauna a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Lasifika ta cika ɗakin. Wuta ba ta ɗauke ba, ba wanda ya waiwayo. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar yana jin ɗuminta, har ta huce.