Lanƙwasar Salatif

Kawu ne ya samo mini motar. Shi ya sa ban duba ta yadda ya kamata ba.

Ƙanen Mama ne, mai gyaran wayar mota. Tun rasuwar Baba, komai na gidanmu sai an ce a tambayi Kawu. Da na gama sakandare na yi shekara uku ina zaman banza, Mama ta sayar da injin saƙarta ta ce a sai mini mota in riƙa ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya. Ranar da muka je gani, mai motar yana tsaye nesa yana latsa waya. Kawu ne ke ta magana.

"Malam Shiru, ja mu ji," ya ce. Haka yake kirana.

Ko ƙarshen layin ban kai ba ya dafa mini kafaɗa. "Ya isa, juya. Man mutane ne, ba na ubanka ba."

Na yi dariya na juya. Daga baya na yi ta tuna dafawar nan.

Ba ni da halin kai mota gareji, don haka komai ni zan koya. Ina kallon bidiyo a waya ina gwadawa a ƙofar gida. Na canja filogi, na ɗaure madubi. Da na zo juye baƙin mai, sai ya ƙi zubowa kamar yadda na gani a bidiyon. Yana dalalowa da kauri, kamar zuma. Na murza a yatsa na daɗe ina kallo.

Sannan fitilun gaban sitiyari. In ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, duk sai su kama, su mutu daga baya. Nawa suna kamawa, ban da guda: ta baƙin mai, mai hoton 'yar buta. Wurinta duhu.

Na tambayi Kawu a waya.

"Tsohuwar mota ce, ɗan nan. Ƙwai ya ƙone. Kai dai ka cika bincike, kamar mai neman allura."

"In zo ka canja?"

"Bar shi, ba ya hana tafiya."

Mutumin da ya taɓa marina don na bar waya ɗaya a buɗe. Shi ke cewa bar shi.

Ran Asabar da safe na kwance sukurori huɗu na zaro allon fitilun. Ƙwan bai ƙone ba. An cire shi, an yanke wayarsa, an naɗe bakin da baƙin salatif. Sabo fil, ƙura ma ba ta hau ba. A ƙarshen naɗin an lanƙwasa bakin salatif ɗin ciki, an bar ɗan kunne don wanda zai ɓare wata rana.

Na san kunnen nan. Hutun makaranta biyu na yi a shagon Kawu. Yakan ce mai aikin kirki yana tuna wanda zai zo bayansa. Ban taɓa ganin wani yana naɗi haka ba, sai shi, sai ni da ya koya wa.

Na zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe. Mama ta leƙo daga zaure.

"Lafiya dai? Kar ka ɓata mana ita. Kira kawunka mana."

"Zan kira shi."

Na sayo ƙwai, na haɗa wayar. Da sanyin inji fitilar ta mutu lafiya. Na zaga unguwa na minti ashirin, na tsaya a bakin titi. Ta fara ƙyaftawa, sannan ta tsaya ja zir. Man ba ya kaiwa inda ya kamata. Man nan mai kauri an zuba shi ne don ya rufe ƙarar injin. Da na ɗora mata buhuna na hau doguwar hanya, da injin ya tafi, injin saƙar Mama ya bi shi.

Da la'asar na je shagon Kawu na ce zan kai shi gida. Ya shigo yana tsokana.

"Yau ni ake wa direba! Allah ya sa ba lahira za ka kai ni ba."

Na bi doguwar hanya da gangan. Yana ta labarin wani kwastoma. A mahaɗa ta biyu na taka birki, fitilar ta kama. Labarin ya tsaya a tsakiya.

Sai da na bayanmu ya yi hon na ja motar.

"Ka buɗe allon," ya ce.

"Na buɗe."

"Ka gaya wa Yaya?"

"Tukuna."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce mai motar tsohon kwastomansa ne, ya kawo ta a rufe fitilar don zai sayar, ya yi alkawarin la'ada. A lokacin bai san ni zan saya ba. Da Mama ta ce a nemo mini mota, mutumin ya matsa, shi kuma ya ga ai zai gyara mini famfon man a hankali ba tare da kowa ya sani ba.

"Sati uku ke nan, Kawu."

"Na sani."

"Na ce in zo, ka ce bar shi."

Ina kallon hannunsa a kan hular. Ban san wane kashi na maganar zan yarda da shi ba, har yau kuma ban sani ba.

"Kawo ta gobe," ya ce. "Ni zan sayi famfon, abokina ya ɗaura. Ko sisinka."

"Kawo famfon gida. Da jak da sifanu. Ni zan ɗaura."

"Ba ka iya ba."

"Sai ka faɗa mini. Amma hannunka ba zai taɓa ta ba."

Ya juyo ya kalle ni, ya mayar da hularsa.

Washegari ya zo da kayan a buhu. Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashin motar. Shi yana zaune a benci, yana cewa sifana mai lamba goma, sassauta a hankali, kar ka yaga robar. Kafin in ɗaura famfon na fito da shi rana na juya shi ta ko'ina, na karanta lambar jikin kwalin. Yana gani.

Mama ta fito da ruwa a kofi biyu.

"Ka ga gata," ta ce mini. "Wa ke da kawu irin naka?"

Daga inda nake kwance ƙafafunsa kawai nake gani. Ya janye su ƙarƙashin bencin.

"Miƙo sifana mai lamba sha biyu," na ce wa Kawu.

Ya ajiye ta a ƙasa, ya turo da yatsa.