Tabo a Tsakiyar Ido

"Rufe na hagu, ka dubi hancina," in ji likitar ido.

Dakta, mai binciken kimiyyar da ya zo a duba masa ido, ya duba. Ga kunnuwanta, ga wuyan rigarta, amma inda hanci ya kamata ya zauna sai wani tabo toka-toka, kamar an dangwala yatsa a gilashi.

"Babu hanci," ya ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce hasken leza ya ƙona tsakiyar idon, can ciki, kuma wurin ba ya warkewa. Gefe dai zai ci gaba da gani. Ya gyaɗa kai kamar labarin idon maƙwabci ake ba shi. Na hagun kuwa tun yana yaro na ado ne, da na daman nan yake neman abinci.

Aikinsa ke nan shekara da shekaru: ya ɗora 'yar ƙanƙarar sinadari wadda ba ta fi ƙwayar sukari ba, ya harba mata hasken leza, yana juya ta kaɗan-kaɗan. A wata kusurwa shiru, a wata na'ura ta amsa, daga nan ya san ina ƙwayoyin cikinta suka fuskanta. Abin haushin, tabaran kariya yana ɓoye hasken da kake son saitawa. Kowa a ɗakin binciken yakan ɗaga shi na ɗan ƙiftawar ido. Yau da safe shi ma ya ɗaga. Wallahi ko zafi bai ji ba.

Yana cikin motar haya abokin aikinsa ya kira, cike da murna.

"Mutumina, ta amsa! Ƙwayoyin duk a kwance suke, yadda ka faɗa tun bara. Kana ina ne?"

"Madalla," ya ce.

Ya laluba ransa ko akwai murna, babu. Ya nemi tsoro, shi ma bai samu ba. Ya kashe wayar da lalube.

A gida matarsa tana ninke wanki a falo.

"A'a, yau da rana tsaka? Korar ka suka yi?"

"Na gaji ne kawai."

Yana zama sai 'yarsa Auta ta sheƙo a guje, ta dafa gwiwoyinsa.

"Baba, duba! Haƙorina ya fita!"

Ta wangale baki daidai fuskarsa. Ya ga kitsonta, ya ga 'yan kunnenta. Bakin ne babu. Sai ya soma karkata kai a hankali, kaɗan-kaɗan, yadda hannunsa ya saba yi wa ƙanƙarar, har giɓin ya fito daga gefe, ɗan mitsitsi, da jan dadashi. 

"Baba, ni kake kallo ko ƙofa?"

"Ke nake kallo, uwata."

Matar ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban Auta," ta ce, "dube ni."

Ya juya fuska wajen taga, ya dube ta.