Tagar Malam Bawa

Malam Bawa akawu ne a ofishin fito na Alhaji Lawwali da ke Magama, dab da shingen iyaka. Aikinsa buga takardun kayan 'yan kasuwa, wake da fatu masu shigowa daga Maraɗi, goro da atamfa masu fita. Tun yana saurayi yake kan tafiretar nan, har furfura ta cinye masa gemu.

Tsohon ofishinsu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, ba abin a zo a gani ba, sai dai yana da wata babbar taga mai kallon hanyar Maraɗi, kuma a bakinta teburinsa yake. Da hantsi haske yakan kwanto a kan takarda sumul, ba ya kashe ido. In rana ta janye daga teburin ta koma dokin ƙofa, ya san Azahar ta yi, ba sai ya tambayi kowa ba. Direbobi ta tagar suke miƙo takardu, su gaisa, su ɗan jingina su ba da labari. Ta nan yake jin labarin ɗiyarsa Salmatu, wadda ke aure a Maraɗi wurin wani tela. Ita kaɗai Allah ya bar masa, uwarta ta rasu tun ba ta yi wayo ba. Duk motar da ta ɓullo daga arewa sai ya ɗaga kai ya dubi waɗanda ke bisa kaya, ko da ya san ba ta ce za ta zo ba.

Ana nan sai arzikin man fetur ya malalo har bakin iyaka. Motoci suka yi yawa, kaya suka yi yawa, kowa ya shiga rushe ƙasa yana ɗora bulo. Alhaji Lawwali ya gina sabon ofis a bayan tsohon, ya damƙa shi hannun ɗansa Abdu, wanda ya dawo daga karatu a Ikko. Gini ne na siminti, da janareta a gefe, da na'urar sanyaya ɗaki. Don kada sanyi ya fita, tagogin 'yan ƙanana aka yi can sama kusa da rufi, aka kuma shafe gilasansu da fenti. Maimakon rana, aka jera dogayen ƙwayayen lantarki farare a silin, irin masu kama da sanda. Ranar da aka kunna su mutane har daga ƙauyukan Kusa da Mazanya suka zo kallo. Malam Bawa ma ya yi murna, ya ce ashe zai ga wannan zamani da idonsa.

Murnar ba ta daɗe ba. Hasken ɗaya ne da safe, ɗaya ne da yamma, fari fat, ba ya motsi. Ga wani ƙugi da ƙwayayen ke yi ƙasa-ƙasa, in janareta ya ja numfashi kuma sai su riƙa ƙyaftawa. Takarda ta koma tana walƙiya a idonsa, baƙaƙen suna rawa. Kafin La'asar sai ya ji kansa ya ɗaure daga goshi har ƙeya. Mutumin da a da ake misali da tsabtar takardarsa, yanzu sai ya buga sunan ɗan kasuwa a layin kaya, ya zare ya yaga ya sake. Adamu abokin aikinsa, wanda bai kai shi shekaru ba, shi ma gyangyaɗi yake tsakar rana, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba. Har salla ta taɓa wuce su suna zaune, suka fito suka tarar inuwa ta yi tsawo, suka tsaya suna kallon juna.

Direbobi kuma sun daina zuwa. An sa mai gadi a ƙofar gilashi, shi ke karɓar takardu ya shigo da su. Labarin Maraɗi ya yanke. Ko haihuwar Salmatu ma a bakin wani mai goro ya ji ta a masallaci, an sami namiji. Ya aika da rago, amma bai samu zuwa suna ba, don a makon aiki ya yi musu yawa. Wani lokaci yana cikin bugu sai ya ji ƙarar babbar mota ta cikin bango, ya ɗaga kai bisa sabo, idonsa ya sauka a kan farin fenti.

Ran nan da hantsi aka turo ƙofa da ƙarfi, mai gadi na biye yana magana. Maɗugu ne, tsohon direban da ya fi kowa kawo masa saƙon Salmatu. Ya tsaya yana ƙifta ido.

"Malam Bawa, ashe nan ciki aka ɓoye ka? Wannan wane irin haske ne, kamar ɗakin fiɗa a asibiti?"

Suka gaisa. Maɗugu ya zauna a bakin benci, ya cire hula ya riƙe.

"Wancan makon na ɗauko ɗiyarka," in ji shi. "Ita da mijinta da yaron. Tari ya matsa mai, za su kai shi asibitin Katsina."

Malam Bawa ya janye hannunsa daga tafireta. "Ta nan kuka bi?"

"Ta nan. Ina wurin 'yan kwastan ta sauka da goyonta, ta tafi inda tagarka take. Ta iske an rushe, an jera gangunan man gas a wurin. Mai ƙosai ta nuna mata nan. Ta zo ta tsaya bakin gilashin nan, ta ga mai gadi da kaki, kunya ta hana ta. Ga jikin yaro ya yi zafi, ga fasinja suna ta kira. Sai da muka wuce Jibiya take faɗa mani, tana kuka."

"Wace rana ce?"

"Talata, wajen hantsi."

Ya tuna Talatar. Yana nan zaune bayan bangon nan, yana sake buga takardar fatu da ya ɓata.

"Yaron fa?"

"Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Sun koma gida, amma ta wata hanyar, motar can suka samu."

Bayan Maɗugu ya fita, Malam Bawa ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar Abdu. Bai taɓa roƙon komi a ofishin nan ba, don haka maganar ta yi masa nauyi a baki.

"Manaja, taga nika so."

Abdu ya ɗago. "Taga, Baba? Sanyin ne ya yi yawa? A rage."

"Ba sanyi ba ne. Hasken nan ne. Idona ya gaji, kaina kullum ciwo, ka kuwa ga yadda takarduna suka koma. Ban san safe ba, ban san marece ba." Sannan ya ce, "Ɗiyata ta zo har bakin ƙofar nan da jikana, ban gan ta ba."

Abdu ya sunkuyar da kai. A gabansa akwai ƙwayoyin ciwon kai da kofin ruwa, ya ɗan ture su gefe. Shi ma ramin idonsa ya yi baƙi.

"Na ɗauka gata na yi muku," ya ce a hankali. "A Ikko haka manyan ofisoshi suke. Ka yi haƙuri, Baba. Gobe magini zai zo."

Magini ya zo, ya duba, ya ce bangon arewa ba zai fasu ba, ɗakin janareta na manne da shi. Sai aka fasa na gabas. Da aka cire bulo na ƙarshe rana ta faɗo cikin ɗakin har kan siminti, Adamu ya miƙa hannu cikinta yana dariya kamar yaro. Aka matso da tebura kusa, aka riƙa kashe ƙwayayen sai in hadari ya rufe. Cikin 'yan kwanaki ciwon kan ya lafa, kwandon shara ya daina cika da yagaggun takardu, Abdu da kansa ya koma barin ƙofarsa a buɗe.

Sai dai tagar ba hanya take kallo ba. Bayan sito take kallo, da wata bishiyar bedi, da akuyar mai gadi a ɗaure. Malam Bawa yakan yi aikinsa tsaf, ya gode wa Allah da lafiyar ido, amma in mota ta tsaya a shinge sai yatsunsa su tsaya su ma, ya kasa kunne ko zai ji muryar mace a cikin hayaniyar.

Da kaka ta yi, kafin motocin sabon wake su yi yawa, ya nemi hutu, Abdu ya ba shi. Ya sayi turmin atamfa da 'yar hula ƙarama, ya shiga gaban motar Maɗugu zuwa Maraɗi. Aka ɗaga musu sandar shinge, suka gangara. Gonaki duk an girbe gero, an jingine dammuna, rana ta buɗe ko'ina har idonsa na kawo ruwa. Da suka yi nisa, Malam Bawa ya gyara murya.

"Maɗugu, yaron nan, da wa ya yi kama?"

"Wallahi ban gan shi da kyau ba, Malam. A goye yake, ta lulluɓe shi da zane. Ƙafafunsa kawai na gani."

Malam Bawa ya gyaɗa kai. Ya zaro hular daga aljihu, ya sa dunƙulen hannunsa a ciki yana gwada faɗinta, yana tunanin ko ta yi masa kaɗan yanzu.