Ciwon da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Tun da ciwon sukari ya ci wa Direba yatsun ƙafa biyu, gidansa ya daina sanin wata cuta sai wannan. Matarsa, wadda unguwa ke kira Maiɗinki, ta zama likitar ƙarfi da yaji. Yaro ya yi tari, sai ta ɗauko na'urar awon sukari ta babansu. Ya sha ruwa kofi biyu a jere, ta kafa masa ido kamar ya saci nama a tukunya. Tsoro ne fal cikinta, don an gaya mata abin yana bin jini.

Ran da Auta, 'yarta mai shekara takwas, ta dawo daga makaranta a duƙe, hannu dafe da gefen ciki, Maiɗinki ta ture keken ɗinki, ta kama yatsanta ta soka allura. Lamba ta fito daidai. Ta sauke ajiyar zuciya, har da tsokana, wai aikin gida ne yarinya ke gudu. Washegari Auta ta ture abinci, jiki da ɗumi. Aka sake sokawa, na'ura ta sake wanke ta. Daga nan yarinyar ba ta ƙara cewa uffan ba, ita kuma uwar ta ɗauka sauƙi ne ya samu.

A kwana na uku, malamar ajinsu ce ta bugo waya, ta ce Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin allo.

A asibiti likita ta danna cikin, yarinyar ta gantsare amma ba ta yi kuka ba. Aka ce wani ɗan reshen hanji ne ya kumbura har ya soma fashewa, sai tiyata, kuma yanzu. Likitar ta sunkuya ta tambayi Auta me ya hana ta faɗa, ciwo irin wannan da ke kayar da babba.

Auta ta saci kallon uwarta. "Mama ta ce in aka tayar wa Baba hankali sukarinsa hawa yake. Kada a ƙara yanke masa ƙafa saboda ni."

Maiɗinki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Maganarta ce, ba ƙari ba ragi, wadda take jefa wa yara kullum in sun cika surutu a falo.

Aka tura gadon Auta ɗakin tiyata, ƙofa ta rufe. Maiɗinki na tsaye da takalman yarinyar a hannu, waya ta yi ƙara. Direba ne, yana tambayar ina suka shiga, ga lokacin allurarsa ya yi.

Ta haɗiye kukan, ta gyara murya.

"Ba komai, Baban Auta. Ɗan ciwon ciki ne. Ka ci abincinka."