Tabon Alhamis da na Litinin

Shekara goma sha tara ke nan Baba Mai Rini yana aiki a ɗaki na ƙarshe na sashen nazarin ƙwaƙwalwa, dab da matakala. Aikinsa shi ne ya yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri-siriri, ya ɗora kowane yanki a kan gilashi, ya tsoma cikin rini, domin idan aka duba a madubin ƙara girma ƙwayoyin jijiya su fito da rassansu kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Daga nan ya sami sunan, har sabbin ɗalibai ba su san yana da wani ba.

Farfesa, shugabar ɗakin, ta wallafa maƙala sittin da ɗaya. A wannan sana'a ba yawan abin da mutum ya rubuta kaɗai ake dubawa ba, ana duba sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a cikin nasu, kuma da wannan ake auna shi duk lokacin da ya nemi tallafin bincike. Cikin maƙalun nan sittin da ɗaya, wadda aka fi ambata ita ce mafi gajarta, mai shafi huɗu kacal, wadda ta bayyana yadda ake haɗa rinin. Sunan Baba yana shafinta na ƙarshe, a wurin godiya, da ƙananan baƙaƙe. Hakan bai taɓa damunsa ba.

Kowace safiyar Litinin, ɗalibar Farfesa mai neman digiri na uku takan buɗe kwamfuta ta duba adadin kafin ma ta ajiye jaka. Shi ya sa ake ce mata 'Yar Ƙidaya.

"Baba, ɗari huɗu da goma sha biyu! Mun ƙaru da biyu."

"Allah ya ƙara," in ji shi. "Ni dai miƙo mini gilasan can, su ma goma sha biyu ne, kuma ba sa wanke kansu."

A wannan Litinin ɗin ce Farfesa ta shigo da takarda a hannu, fuskarta ba walwala. Editan mujallar ne ya rubuto. Wasu masana a wata ƙasa sun bi matakan maƙalar ɗaya bayan ɗaya har sau tara, ba su ga ko ƙwayar jijiya ɗaya ba. Ya ba da mako uku a yi bayani, in ba haka ba zai manna wa maƙalar sanarwar cewa ana shakkar ingancinta.

"Idan aka manna wannan sanarwa," in ji Farfesa, "ba wanda zai sabunta mana tallafi bana. Baba, ka zubar da rinin da ke kwalba, kada a ce akwai wani abu a ciki. Gobe ku haɗa sabo. Ke za ki riƙa karanta masa matakan daga maƙalar, shi kuma ya yi abin da kika karanta, ba ƙari ba ragi."

"An gama, ranki ya daɗe. Ai ko ido a rufe zan yi shi."

Ranar Talata suka yi. Farfesa ta roƙi ɗakunan binciken da ke maƙwabtaka da su suka bar musu injin tace ruwa da sassafe, 'Yar Ƙidaya ta tsaya da agogo tana karantawa, Baba ya auna, ya haɗa, ya tsoma. Da la'asar ya kafa ido a madubi, sai ya ga fili fayau, babu reshe ko ɗaya. Ya goge madubin ya sake dubawa. Suka maimaita ranar Laraba, suka maimaita ranar Alhamis, duk abu ɗaya. Ya canja ma'auni, ya buɗe sabon gwangwanin hoda, ya wanke kwalabe sau uku, duk a banza. Ranar Juma'a ya wuni yana kallon hannuwansa, yana tunanin ko tsufa ne ya shigo su bai sani ba. Saura shekara biyu ya yi ritaya, ba ya so abin da za a tuna shi da shi ya zama wannan.

Safiyar Asabar ya zauna a kan benci a tsakar gida da kofin shayi wanda har ya huce bai kurɓa ba. Matarsa tana gaban baho tana wankin fararen rigunansa na aiki. Ita ke wanke su tun ranar da ya fara, don ta ce masu wankin wurin aikin cinye maɓalli suke yi.

"Malam, an canja muku rini ne?"

"Me kika gani?"

"Duk rigunan wannan makon tabon Alhamis ne a jikinsu. Har ta Talata."

Ya ajiye kofin. "Tabo kuma yana da rana?"

"Kai da ke aikin ba ka sani ba, sai ni mai wanki?" Ta ɗaga hannun wata riga da ba ta kai ga jiƙawa ba. "Ka ga wannan, ja-ja ne, sabulu ɗaya ya fita. Shi ne na Alhamis. Na Litinin shuɗi ne har yana ɗaukar baƙi, ko kwana ya yi a ruwa ba ya motsi. Shi ya cinye mini farata shekara da shekaru. Na ce bana an ji tausayina."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko tsohuwar rigar da yake goge keke da ita, ya shimfiɗa ta kusa da sabuwar. A kan farin yadi bambancin a fili yake. Shi kuwa a cikin kwalba mai duhu yake ajiye rinin, bai taɓa ganin launinsa sosai ba.

Nan take ya gane. Injin tace ruwa guda ɗaya ne, ɗakuna huɗu ke rabonsa, kuma tun asali rabonsu yammacin Alhamis ne. Kafin ya gama haɗa rini lokacin tashi ya yi, sai ya sa kwalbar a kabad. Juma'a ranar yanka ce. Sai Litinin yake rini. Wato shekara goma sha tara bai taɓa amfani da rinin da bai kwana huɗu ba, sai a wannan makon.

Daɗin ganewar bai daɗe ba, sai ya tuna wani abu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da Farfesa za ta rubuta maƙalar, shi ta ce ya rubuto mata duk abin da yake yi. Ya rubuta matakai goma sha uku da hannunsa. Ajiye kwalba a kabad bai ɗauke shi aiki ba, don haka bai sa ba.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na bar wannan matakin. Da wane baki zan faɗa mata?"

"Da wanda kake shan shayi da shi," in ji matarsa. "Ka je ka faɗa. Ko so kake in sa mayafi in kai mata rigunan da kaina?"

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Ragowar rinin da suka haɗa ranar Alhamis yana nan a kabad, ya kwana huɗu cif. Ya tsoma gilasai uku a ciki, sannan ya ɗauki rigunan biyu a leda ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa. Ya ƙi zama. Ya shimfiɗa su a kan teburinta, ya faɗi komai daga farko, har da matakai goma sha ukun, bai rage wa kansa laifi ko kaɗan ba. Da ya gama ya ce, "Duk hukuncin da kika yanke, ranki ya daɗe, na karɓa."

Farfesa ta daɗe tana duban tabon biyu. Ta miƙe, ya bi ta zuwa ɗakin aiki. Suka jira lokaci ya cika, 'Yar Ƙidaya tana tsaye da agogonta ba ta san abin da ke faruwa ba. Farfesa ta cire tabarau ta kafa ido a madubi. Ga rassa nan birjik, kowanne da 'yan ƙayoyinsa.

Sai ta fashe da dariya, har ta dafa tebur.

"Baba, shekara nawa ina wucewa ta gaban kabad ɗin nan? Ni ma ban taɓa tambaya ba. Laifin namu ne mu biyu."

"To amma, Farfesa," in ji 'Yar Ƙidaya, "duk mutanen da rinin ya yi wa aiki a wasu wurare fa?"

"Ƙila su ma irinmu ne, sai sun haɗa su tafi gida, rinin ya kwana. Waɗannan da suka rubuto su ne masu himma, himmar ce ta cuce su." Ta juya wurinsa. "Ina son kwalabe biyar: na yau, na kwana ɗaya, biyu, huɗu, da bakwai. Mu san ranar da yake nuna da ranar da yake lalacewa. Wannan ba gyara kaɗai ba ne, sabuwar maƙala ce, kuma sunanka zai zo a sama tare da namu."

"A'a, ranki ya daɗe. Difloma ce kawai gare ni."

"Ba difloma za a ambata ba, aikin za a ambata. Wa ya gano bambancin launin?"

Ya sunkuyar da kai. "Maman yara ce."

"To ita ma da nata wurin."

Amsa ta isa ga edita da saura kwana uku. Masanan can suka bar rininsu ya kwana huɗu, suka aiko da hoto da gaisuwa, ba a manna wa maƙalar komai ba, tallafi kuma ya zo a kan lokaci. Bayan wata bakwai sabuwar maƙalar ta fito.

Wata safiyar Litinin Baba yana jera gilasai, sai 'Yar Ƙidaya ta ƙwala masa kira.

"Baba, ɗaya!"

"Ɗaya me? Ba ɗari huɗu da wani abu muke ba?"

"Wannan na Farfesa ne. Naka nake faɗa. Mutanen can da suka kai ƙararmu, su suka fara ambatarka."

Ya goge hannu ya zo ya leƙa kwamfutar, ya karanta sunansa a hankali, sannan ya ce ta buga masa maƙalar a takarda. Da yamma ya kai wa matarsa, ya nuna mata nasa a shafin farko, ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mata nata. Ta matso da takardar kusa da ido, ta sake nisanta ta.

"Ni na yi wankin, amma ni aka ba ƙananan baƙaƙe?"

"Ki yi haƙuri da wurin," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya na yi a nan, ba shi da laifi."

Ta ninke takardar ta sa a ƙasan akwatinta, sannan ta miƙo hannu. "Cire rigar. Yau Litinin ce, gara in jiƙa ta tun yanzu."