Shekarun Rumbun Husnu

"A'a, ba nan ba! Huda wancan, 'yata, shi ne ƙaƙƙarfan!"

Husnu ne ke ihu daga kujerar da muka fito masa da ita, bargo har wuya, tari na yanke masa magana. Malama Nilgun, wadda jami'a ta turo, ta kafa siririn ƙarfenta a ginshiƙin rumbun, ta murɗa, ta zaro tsinken itace. Wai layukan jikinsa za ta ƙirga, kowane layi shekara guda.

Ni Sabri ne, maƙwabcinsa, gonar shayi kawai ta raba mu. Tun muna yara muke faɗa, tun lokacin kuma yake cika mini kunne cewa kakan kakansa ne ya gina rumbun nan da icen kestane, bishiyar da ta cika dajinmu, ba ƙusa ko ɗaya. Yanzu ɗansa Ferhat ya dawo daga Istanbul da mai saye, wani mai otal da zai ɓalle rumbun ya kai bakin teku, baƙi su riƙa kwana inda ake ajiye masara. Abu ɗaya ne zai hana: a tabbatar tsohon gini ne, hukuma ta sa shi cikin kayan tarihi.

Kafin sakamako ya fito, Husnu ya daina tashi. Ni malamar ta kira a waya.

"Kawu Sabri, ban san yadda zan faɗa masa ba. Duk itacen da na ɗiba, Kawu Husnu ya girme shi."

Ni ban iya kwana-kwana ba, na shiga na gaya masa.

"Ƙarya ne!"

"Kai dai ne maƙaryacin, tsohon banza. Wa ya canja ginshiƙin gabas shekarar ambaliya? Wa ya riƙe maka tsani?"

Haka muke a nan, ruwan sama ba ya barin itace ya huta. Katako ya fara ruɓewa, sai ka sare kestane a bayan gida, ka sassaƙa irinsa ka zura. Husnu kuwa ya fi kowa naci. Ɗaya bayan ɗaya ya sabunta rumbun kakanninsa kaf, da malamar ta zo kuma, aikin hannunsa ya yi ta nuna mata.

"To tsofaffin katakon fa? Ka ƙona?"

"Ni mahaukaci ne?" Ya ɗaga ido sama. "Masu kyan suna cikin rufi."

Nan take na gane, su ya ajiye na kabarinsa. Kowane tsoho a ƙauyen nan yana tanadin katakon kabarinsa, waɗanda za a jera a kansa kafin a zuba ƙasa. Nawa ma suna nan a ajiye.

"Husnu, a yanki bakin guda ɗaya a ba malamar ta ƙirga. Tafin hannu kawai."

"Ƙasa ta zubo mini a fuska? Daidai na auna su." Ya juya bango. "Tafi gidanka, Sabri, ka ishe ni."

Na tafi ina masifa. Na kasa zama, na kasa tsinkar shayi. In shiga gona, in fito, in leƙa gidansa, matarsa Nazmiye ta ce barci yake. Washegari da hantsi na ji kukanta. Wallahi haushi ya riga baƙin ciki zuwa mini.

Bayan an yi masa wanka, Ferhat ya hau rufi ya sauko da katakon. Baƙaƙe ne wuluk, ga nauyi, ga sawun gizago, bakin kowanne da tsagar da ake haɗa su da ita. Bayan azahar za a binne shi. Ina ta zagaya su, ina duban masallaci. Wa zai tari maraya da wannan maganar, ga gawar ubansa a ɗaki?

Nazmiye ce ta fito bakin ƙofa, idonta jawur.

"Yaya Sabri, da asuba ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya wa wancan mai surutun, na wajen ƙafa za a yanka, ba na wajen kai ba."

Kowa ya juya ga Ferhat. Shi ne magaji, ba mai taɓa katakon sai da yardarsa, kuma ya san abin da yankan zai jawo wa cinikinsa. Wayarsa na ta ruri a aljihu. Ya durƙusa, ya shafa sawun gizagon, ya daɗe a haka.

"Kawu, zartonka na da kaifi?"

Ni na danne, shi ya yanka. Icen ya yi ta gardama irin ta mai shi.

A maƙabarta aka jera katakon, na ƙarshe ya gaza, ya bar kafa wajen ƙafa. Ferhat ya ciro ɓawon masara daga cikin rigarsa, wanda ya ɗebo a rumbu, ya cusa a hankali har ta toshe, sannan aka zuba ƙasa.

Na gangaro gida cikin yayyafi, guntun katakon da zan kai wa malamar a aljihun kwat ɗina, yana bugun cinyata duk takun da na yi.